Ba kwamfuta ce ke watsar da takardarki ba

Kusan duk sati sai an turo min saƙo iri ɗaya daga gida, yawanci ƙannena mata masu aikin nas: "Yaya don Allah duba min, na cike fom ya fi a ƙirga a NHS Jobs amma ko intabiyu ɗaya ba a kira ni ba, an ce wai kwamfutarsu da ta ga Najeriya take watsar da mutum." Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya a WhatsApp, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda abin yake ta ɗaya ɓangaren, wato ɓangaren wanda ya sa tallar. Ina aiki a wani asibiti a arewacin Ingila kuma nakan zauna cikin masu tantance takardun masu neman aiki a sashenmu, to daga kan wannan kujerar nake magana.

Da farko dai NHS, wato hukumar kula da lafiya ta gwamnatin Birtaniya, ba kamfani ɗaya ba ne mai ofishin ɗaukar aiki guda. Tun da aka kafa ta a 1948 ta girma har ma'aikatanta a Ingila kaɗai sun kai wajen miliyan ɗaya da rabi, amma kowace hukumar asibiti ita ke ɗaukar nata, da nata kasafin da nata ciwon kan. NHS Jobs kasuwa ce kawai da kowa ke kawo hajarsa, Ingila da Wales ke amfani da ita, Sukotland da Ailan ta Arewa kowacce da nata shafin daban. Asibitoci da yawa ma ba a cikinta suke aikin tantancewar ba, akwai wata manhaja ana ce mata Trac, tallar za ta fito a NHS Jobs amma da kin danna sai ki ga kin faɗa Trac ana ce ki sake buɗe akawun. Ba damfara ba ce, haka tsarin yake.

Yanzu a ce nas ɗaya ta ajiye aiki a ɗakin da muke kwantar da tsofaffi. Ku a waje kuna tunanin washegari za a sa talla. Ina! Sai manajar ɗakin ta rubuta takardar neman izini, ta je gaban kwamitin da ke duba guraben aiki, masu kuɗi su tambaya ko dole ne a cike gurbin, ko za a iya haƙuri da shi wata uku, ko a mayar da shi ƙaramin mataki. A 'yan shekarun nan da aljihun asibitoci ya yi zafi wannan matakin shi kaɗai yana iya cin makonni, kuma duk tsawon lokacin mu da ke ɗakin mu ke jan dutin wadda ta tafi. Shi ya sa za ki ji a labarai ana cewa akwai guraben aiki wajen dubu ɗari a NHS, ki shiga shafin ki ga tallar nas ɗin da ta dace da ke ba ta fi a ƙirga da yatsu ba. Gurbi daban, gurbin da aka yarda a kashe wa kuɗi daban.

In izini ya fito sai a zo wurin da a ganina nan ne komai ke gyaruwa ko ya lalace, kuma nan ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Kowace talla tana da takardu biyu, ɗaya ta bayanin aikin, ɗaya kuma ta siffar mutumin da ake nema. Ta biyun nan an raba ta gida biyu, abubuwan da dole sai mutum yana da su da kuma waɗanda in yana da su ƙari ne. Da wannan takardar kaɗai ake ba da maki. Ba da kyawun Turancinki ba, ba da yawan satifiket ba, ba da tausayi ba. To me ke faruwa a zahiri? Manaja ta fito daga dutin awa goma sha biyu da rabi, ƙafa ta kumbura, ofishin ɗaukar aiki na ta turo mata imel, sai kawai ta buɗe tsohuwar takardar da aka yi amfani da ita shekara biyar da suka wuce ta canza kwanan wata ta tura. A ciki an rubuta ana son mai iya mu'amala da mutane, mai aiki tare da jama'a, mai tausayin majinyaci. To waye zai ce ba shi da waɗannan? Ta buɗe ƙofa hanhai da hannunta, gobe kuma ita za ta zo tana kukan an yi mata ambaliya.

Kuma ambaliyar ake yi. A da can in mutum zai nemi aiki sai ya zauna ya rubuta, ya kai gidan waya, wahalar nan ita kanta rariya ce. Yanzu shafin ya adana bayananki, dannawa biyu uku kin tura, daga Salford ne ko daga Samaru duk ɗaya. Nema ya zama kyauta, karantawa kuma tana nan da tsadarta, don har yau mutum ne mai ido biyu zai zauna ya karanta. Ga kuma dokar da a da ta tilasta wa mai ɗaukar aiki ya fara nuna cewa ya nema a cikin ƙasa bai samu ba kafin ya ɗauko na waje, an soke ta da shigowar sabon tsarin biza na bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, ga bizar ma'aikatan lafiya da aka ƙirƙiro a watan Agustan 2020. Duk suka haɗu wuri ɗaya. Shi ya sa za ki ga an rubuta a ƙasan talla cewa ana iya rufewa kafin ranar da aka sa idan an samu isassun masu nema, kuma wallahi ba barazana ba ce, na sha ganin tallar da aka sa da hantsi kafin magariba an rufe. Wanda ke bakin aiki a lokacin, ko wanda aka ɗauke wa wuta, ko wadda ta ce bari in natsu in rubuta da kyau zuwa gobe, duk sun rasa, wanda ya dace shi ne mai zaune riƙe da waya yana jiran ƙararrawa. Ni dai ban ga adalci a nan ba, amma na san dalilin da ya sa ake yi.

Bari in nuna muku allon da muke gani. Ba suna, ba hoto, ba shekarun haihuwa, ba addini, ba ƙabila, duk tsarin ya ɓoye su, lamba kawai ce a saman kowace takarda. A ƙasa ga karatun mutum, ga inda ya yi aiki, ga kuma akwatin nan da ake ce ki yi bayanin dalilin da ya sa kin dace. A gefe ga jerin abubuwan dole ɗin nan, kowanne da wurin sa maki. Mu biyu ko uku ne, kowa ya yi nasa shi kaɗai sannan a haɗa. Ni yawanci da daddare nake yi bayan yara sun yi barci, shayi na hucewa a gefe. Na tuna wani dare na karanta takardu a jere duk da jimlar buɗewa iri ɗaya, kalma bayan kalma, duk suna matuƙar ɗokin shiga tawagarmu mai albarka, ɗaya ma ya bar layin da ChatGPT ke cewa a sa sunan asibiti a nan bai goge ba, wani kuma ya yabi asibitin wani gari daban daga farko har ƙarshe. Can cikin tarin sai ga wata, Turancinta ma da ɗan tuntuɓe, ta rubuta yadda wani dare tana ita kaɗai da gadaje da yawa ta lura numfashin wani tsoho ya canza, abin da ta auna, wanda ta kira, abin da aka yi kafin likita ya iso. Layi bakwai ko takwas. Ita ta fi kowa maki a wurina, da muka haɗa ashe abokiyar aikina ma haka.

To ina maganar kwamfuta mai ƙin 'yan Najeriya? Abin da ke akwai shi ne tambayoyin bakin ƙofa da mai talla zai iya sawa, misali kina da rajista da NMC, wato hukumar nas-nas da ungozoma ta Birtaniya, ko likita yana da rajista da GMC, wato hukumar likitoci. In kin ce a'a fom ɗin ba zai ma buɗe miki ba. Wannan kam na'ura ce ke yi, amma mutum ne ya sa tambayar. Sauran duk hannu ne. Sai dai kar in yi muku daɗin baki, ɓoye suna ba ya ɓoye komai da komai, in na ga makarantar koyon aikin jinya ta Kano ko Zariya ai na san daga inda takardar ta fito, kuma akwai tambayar ko mutum na da izinin aiki a ƙasar. Nan ne lissafin kuɗi ke shigowa. Ɗauko mutum daga waje sai asibiti na da lasisin ɗaukar nauyi daga ma'aikatar cikin gida, ya fitar da takardar ɗaukar nauyi, ya biya kuɗaɗe, ya jira biza, ya horar da ke ki ci jarabawar OSCE, wato gwajin aikin jinya a aikace, kafin nan kuma ba za ki yi aiki a matsayin cikakkiyar nas ba. In ga wata a gari ɗaya da lambar rajistarta a hannu za ta iya farawa wata mai zuwa, kin san inda zuciyar manaja za ta karkata.

Akwai ma inda ba zuciya ba ce, doka ce tsagwaronta. Albashin NHS a jere yake mataki-mataki, sabuwar nas tana farawa a Band 5, wanda a shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026 ya fara daga fam 31,049 a Ingila. Masu taimaka wa nas suna Band 2 da Band 3. A watan Afrilun 2025 gwamnati ta ɗaga mafi ƙarancin albashin da za a ba mutum bizar ma'aikatan lafiya a kansa zuwa fam 25,000, farkon Band 3 kuma a shekarar ya tsaya a fam 24,937. Fam 63 ne tsakani a shekara guda cur, amma a lokacin ya isa ya hana a ɗauki nauyin mutum. To duk ƙanwata da ke zuba takardu a guraben mataimaka tana cewa bari in shiga ta ƙaramar ƙofa, ki sani a 2025 an toshe ƙofar ta baya. Haka hanyar masu kula da tsofaffi a gidaje, wadda aka buɗe a 2022 jama'a suka yi ta tururuwa, a Maris 2024 aka hana su zuwa da iyali, a Yulin 2025 aka rufe ɗauko sababbi daga waje gaba ɗaya.

Sannan ga maganar jan layi da mutane ke ji sama-sama. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da jerin ƙasashen da ma'aikatan lafiyarsu suka yi ƙaranci sosai, a 2023 ƙasashe 55 ne, kuma Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi da Sudan duk suna ciki. Ƙa'idar Birtaniya ta ce asibiti ba zai je waɗannan ƙasashen farautar ma'aikata ba, ba zai sa ejan ya nemo masa ba. Amma idan mutum da kansa ya ga talla ya nema kai tsaye, ana iya ɗaukarsa. Kun ga ke nan shafin intanet ɗin shi ne ƙofar da ta rage ta halal, shi ya sa cunkoson ya taru a kanta. Kuma duk wanda ya ce miki shi ejan ɗin NHS ne a Abuja ko Kaduna, kawo miliyan kaza ya samo miki takardar ɗaukar nauyi, ɓarawo ne, ba a sayar da ita. Gwamnatin nan da kanta ta ce tsakanin Yulin 2022 da Disamban 2024 ta ƙwace lasisin kamfanonin kula da tsofaffi sama da 470, mutanen da suka zo ta hannunsu dubbai suka wayi gari ba aiki ba madafa. Ni abin da ke ɗaure min kai a wannan ƙa'ida shi ne ta wanke hannun asibiti ne kawai, nas ɗin dai ta bar Najeriya ko an je nemanta ko ba a je ba, gadon da ta bari a can kuma babu mai tambaya.

A ce dai kin tsallake, an kira ki intabiyu, yawanci ta bidiyo. A nan labule ke yayewa, ga suna ga fuska ga lafazi ga hijabi. Tun 2016 NHS ke fitar da rahoton shekara-shekara kan bambancin launin fata a wurin aiki, kuma kusan kullum abu ɗaya yake nunawa, cikin waɗanda aka kira intabiyu farar fata ya fi samun aikin da kusan ninki ɗaya da rabi. Wato manhajar ta yi nata ƙoƙarin a matakin da take da iko, da aka dawo hannun 'yan Adam sai hali ya dawo. Wannan ba zargi ba ne daga bakina, alƙalumansu ne. Wani ɓangaren kuma, in za a faɗi gaskiya, namu ne, mu an raine mu a kan kunya da kawaici, a ce ka zauna gaban manya kana cewa ni na yi kaza ni na ceto kaza sai ka ji kamar fariya, sai mu yi ta cewa mun yi, mun yi, su kuma masu makin suna jiran su ji abin da ke kanki kika yi don su sa lamba.

To an ce an ɗauke ki, kin yi sujada, an yi ta barka a gidan. Tsugune ba ta ƙare ba, tayin na sharaɗi ne. Akwai bincike shida da dole a kammala kafin mutum ya taɓa majinyaci: a tabbatar ke ce ke, kina da izinin aiki, rajistarki da takardun karatunki na gaske ne, a ji daga wuraren da kika yi aiki na aƙalla shekara uku baya, a duba ko kina da tarihin laifi, a duba lafiyarki. A allonmu kowanne da ɗan akwatinsa, sai duk sun cika za a sa ranar farawa. Nan ne takardun gida ke ba mu wahala, kuma ba don na jabu ba ne. Fasfo ya ce Muhammad, satifiket ya ce Mohammed, lasisi ya ce Moh'd. Shekarar haihuwa a takardar makaranta daban da ta takardar rantsuwar kotu. Wata takwas babu bayani a tarihin aiki, ashe yajin aiki aka yi ko jiran takardar bautar ƙasa. Sai babbar matsalar, mai ba da shaida. Tsarin zai tura wa matron ɗinki imel kai tsaye, ofishinmu na son adireshin hukuma, ita kuma Gmail gare ta da ta buɗe shekara goma da suka wuce ta manta lambar sirrin, asibitin ma gaba ɗaya ba shi da imel na hukuma. Akwatin ya yi ta zama ja sati biyu, sati huɗu, ma'aikaciyar ofis da ba ta taɓa jin sunan garin ba ta fara zargi. Na taɓa ɗaukar waya da kaina na kira wata matron, na gaishe ta da Hausa, na ce Hajiya don girman Allah a duba saƙon nan, yarinyar nan aikinta na hannunki. Dariya ta yi ta ce ɗana ai ban san an turo ba, bari jikana ya dawo daga makaranta ya buɗe min. Washegari akwatin ya zama kore.

Kada kuma a ga kamar tsananin na banza ne. Akwai wata mata, Zholia Alemi, da ta yi sama da shekara ashirin tana aiki a matsayin likitar ƙwaƙwalwa a Birtaniya da takardar digirin jabu da ta ce daga Auckland ta samo, sai a 2023 aka ɗaure ta shekara bakwai. A 2023 ɗin dai NMC ta gano maguɗi a wata cibiyar jarabawar kwamfuta a Ibadan, kusan mutum dubu biyu da suka zauna a can aka soke sakamakonsu, mai laifi da marar laifi kowa ya sake. Tun daga nan duk takardar da ta fito daga wajenmu ana ƙara mata kallo na biyu, wake ɗaya ya ɓata gari. Ga shi ta can gida ma hukumar nas-nas ta Najeriya ta fito a Fabrairun 2024 da sharaɗin sai mutum ya yi shekara biyu yana aiki kafin ta tantance masa takardu zuwa waje, har aka yi zanga-zanga a Abuja da Legas.

Da za a tambaye ni abin da zan gyara ta ɓangarenmu, ba sabuwar manhaja zan nema ba, ana ta maganar a kawo na'ura mai ƙwaƙwalwa ta riƙa tace takardu, wato na'ura ta rubuta na'ura ta karanta mu kuma mu zauna a tsakiya muna kallo. A'a. A ba manaja rabin yini ba majinyaci a kanta ta rubuta takamaiman abin da take nema, in aikin na buƙatar wanda ya saba da masu shanyewar ɓarin jiki a faɗa, in ba za a iya ɗaukar nauyin biza ba a rubuta ɓaro-ɓaro a layin farko kar a bar bayin Allah suna ƙona data da fata a banza, a daina rufe talla cikin awoyi, a kuma yi wa wanda bai samu ba ko da layi biyu ne na dalili maimakon saƙon nan guda da ke fita ga kowa da dannawa ɗaya. Na faɗa a taron sashenmu, aka gyaɗa kai, aka ce za a duba.

Iskar ma ta juya yanzu. A shirin shekara goma na NHS da gwamnati ta fitar a Yulin 2025 ta ce tana so kafin 2035 waɗanda ake ɗaukowa daga waje su koma ƙasa da kashi 10 cikin ɗari na sababbin ma'aikata, kuma 'yan ƙasar da suka gama karatun nas a nan su ma suna kukan ba su samun gurbi. Tallar da muka sa ta ƙarshe a ɗakinmu na cikin gida kawai aka buɗe wa, ko fitowa fili ba ta yi ba, ƙanwata kuma ta sake turo min saƙo jiya da daddare wai in duba mata wani sabon fom kafin a rufe.